Ɗan Gajimaren da Iska Ba Ta Kora

Yau hirarmu a kan sama take, wannan da ke bisa kawunanmu kullum, wadda da yawanmu muka daina ɗaga kai mu duba sai ranar da ake neman jinjirin watan azumi.

Ina ƙarami, in an gama cin abinci da dare, kakata takan sa a shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, mu kuma mu zagaye ta. Ba wutar lantarki a ƙauyenmu a lokacin, aci-balbal ce kawai, ita ma da an gama wanke-wanke ake hure ta saboda tattalin mai. To, in fitila ta mutu sai sama ta buɗe. Takan ɗaga sandarta ta nuna gabas ta ce, "Ga Kaza can da 'ya'yanta, wa zai ƙirga mini su?" Wannan ya ce shida, wancan ya ce bakwai, wata yayata mai kaifin ido ta rantse ita tara take gani. Ita ta nuna mana Zara da yamma, ta ce in ka ga wata ka ga Zara. Ita ce kuma takan tashe mu da asuba lokacin girbi, ta ce Gamzaki ya fito, barci ya ƙare. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma sama a wurinta agogo ce, kalanda ce kuma.

Kwanan baya na tambayi wasu yara a unguwarmu, su wajen goma, ko akwai wanda zai nuna mini Kaza. Ko ɗaya babu. Abin ya tsaya mini a rai, kuma shi ya jawo shirin yau. Ba laifin yaran ba ne. Mu ne ba mu fitar da su waje mun nuna musu ba.

Kafin mu yi nisa, akwai abin da ya kamata a warware. In aka ce ilimin taurari, wasu sai hankalinsu ya tafi ga masu duba, masu ce maka tauraronka kaza ne, za ka yi arziki ko aurenka ba zai yi ƙarko ba. Wannan daban, abin da muke magana a kai daban. Namu shi ne kallo da ƙirga da awo: wane tauraro ne wannan, yaushe yake fitowa, nisansa nawa. Irinsa ne malamanmu suke yi in suna lissafin manzilolin wata 28, suna gaya wa manomi an shiga Haƙ'a ko Zira'a ko Jabha, kowane da kwanakinsa, don ya san inda damina ta kwana. Irinsa ne kuma mutanen da ke hawa tudu ranar 29 ga wata suna laluben jinjiri a yamma. Ashe ke nan mu ba baƙi ba ne a wannan fage.

Zara da Gamzaki dai abu ɗaya ne, kuma ba tauraro ba ne. Duniya ce 'yar'uwar tamu, Zuhura, tana kewaya rana kamar yadda muke kewayawa. Wasu watanni ta biyo bayan rana mu gan ta da magariba, wasu watanni ta riga rana fitowa mu gan ta da asuba. Kaza kuwa taurari ne na haƙiƙa, kuma sun fi bakwai nesa ba kusa ba. In aka sa madubin hangen nesa sai a ga ɗaruruwa. Amma yau inda nake so mu je ya wuce Kaza da nisa.

A daren da ba wata, ba hazo, in kana wajen gari, za ka ga wata farar hanya ta ratsa sama daga wannan gefe zuwa wancan, kamar an watsa gari a kan baƙin zane. Larabawa suna ce mata Darbut-Tabbana, wato hanyar masu ɗaukar ciyawa, don ta yi musu kama da abin da ke zuba daga dami in an bi turba da shi. Shekaru aru-aru ana gardamar ko mene ne ita, hayaƙi ne ko gajimare. A 1610 wani masani ɗan ƙasar Italiya, Galileo, ya buga abin da ya gani da ɗan madubin hangen nesa da ya haɗa da hannunsa: farin nan taurari ne cunkus, ba sa ƙirguwa, nisa ne ya sa haskensu ya cakuɗe. Yau an san cewa ranarmu ɗaya ce daga cikin taurari sama da biliyan 100 da suka taru wuri guda, a shimfiɗe kamar faifai, suna juyawa. Irin wannan babban dandazo shi masana ke kira galaksi. Mu muna cikin faifan, shi ya sa in muka duba ta gefensa muke ganin sa kamar hanya.

A nan kilomita ba ta da amfani wajen awo, sai a koma ga gudun haske. Haske yana cin kilomita kusan 300,000 a sakan ɗaya. Daga rana zuwa nan minti 8 da 'yan sakanni yake yi. Daga Kaza, shekara wajen 440. Kafin ya ratsa faifan namu daga baki zuwa baki kuwa, sai ya yi shekara kimanin 100,000.

To, tambayar da ta daɗe tana cin masana ita ce: faifan nan namu shi ke nan duk abin da ke akwai, ko akwai wasu a bayansa? Amsar tana rataye a sama, a wani ɗan tabo da ido ke iya gani.

Wanda ya fara rubuta labarin tabon nan, a iya rubuce-rubucen da suka iso mana, shi ne Abdurrahman al-Sufi, masanin taurari da ya yi aiki a Isfahan ta ƙasar Farisa. Wajen shekarar 964 ya kammala littafinsa kan siffofin taurari, a ciki ya nuna wani abu a arewacin sama da ya kira ɗan gajimare. Ba shi da madubi, domin sai bayan fiye da shekara 600 aka ƙera shi. Ido ne kawai, da duhu, da naci. Ya lura cewa wannan gajimare iska ba ta kora shi. Inda yake bara nan yake bana, tsakanin taurarin nan dai da suka saba kewaye shi. Shi ne yau ake kira Andiromeda.

Ni kaina na sha wahala kafin in gan shi. Na fara nema a watan Janairu, tsakiyar hunturu, na kwana uku ina fita bayan gari da bargo, ban ga komai ba sai jan hazo. Na haƙura har kaka ta zagayo. Ranar da na gan shi kuwa a ƙauye ne, a bakin wata gona da aka gama yankan gero, ƙarshen Oktoba. Ruwa ya ɗauke bai daɗe ba, ƙura ba ta taso ba tukuna, sama ta wanku tas. Na zauna a kan dami kusan rabin awa, ba tocila ba waya. Can sai na lura da wani abu fari-fari, mai ɗan tsawo kamar ƙwayar shinkafa, wanda in na zuba masa ido kai tsaye sai ya ɓace, in na kau da ido gefe kaɗan sai ya dawo. Na ɗauko madubin hannu mai ido biyu da na aro, na ɗora. Sai ga shi sarai, tsakiyarsa da haske, gefensa yana narkewa cikin duhu. Wani dattijo da ke gadin amfanin gona ya matso ya ce, "Malam, lafiya kake kallon sama tun ɗazu?" Na miƙa masa madubin, na riƙe kafaɗarsa na saita shi. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Ikon Allah. Shekarata nawa ina kwana a gonar nan, ban taɓa sanin da shi ba."

Yadda aka gano ko mene ne wannan tabo, labari ne da nake ƙauna, don ya fara ne da wata mata da duniya ba ta damu da ita ba a zamaninta. Sunanta Henrietta Leavitt, tana aiki a ɗakin nazarin taurari na jami'ar Harvard a Amurka. Ba ta ji sosai, albashinta kuma kaɗan ne. Ba a ba mata irinta damar riƙe babban madubi a lokacin. Aikinsu shi ne su zauna da farantan gilashi da aka ɗauki hoton sama a kansu, suna bin ɗigo-ɗigon taurari ɗaya bayan ɗaya, suna auna haskensu suna rubutawa. Cikin wannan aiki mai gajiyar da ido ta maida hankali kan wasu taurari masu lumshewa, waɗanda haskensu ke ƙaruwa ya ragu, ya ƙaru ya ragu, a kan ƙa'ida. A 1912 aka buga abin da ta gano: a cikin irin waɗannan taurari, wanda ya fi daɗewa kafin ya kammala zagayen lumshewarsa shi ya fi haske na ainihi.

Me wannan zai amfana? Ku ɗauka kuna tafiya da dare, kuka hango wata 'yar wuta a gaba. Ba ku san ko ashana ce aka ƙyasta kusa ba, ko fitilar mota ce daga nesa. Amma in wani ya ce muku, ai fitilar ƙwai ce ta mai shayin bakin tasha, kun san ƙarfin hasken fitilar ƙwai, to daga yadda ta dushe za ku iya cewa da sauran tafiya kaza. Abin da matar nan ta ba masana ke nan. Ƙirga kwanakin lumshewar tauraro, ka san ƙarfin haskensa. Gwada da yadda ya dushe a idonka, ka san nisansa. Ta rasu a 1921, ba ta ga inda aikinta ya kai ba.

A Afrilun 1920 har muhawara aka shirya a birnin Washinton tsakanin manyan masana biyu, Harlow Shapley da Heber Curtis. Na farko yana ganin tabo irin Andiromeda duk a cikin gidanmu suke, na biyu ya ce a'a, wasu gidaje ne daban masu zaman kansu. Aka tashi ba wanda ya kayar da wani, don ba wanda ke da awo a hannu.

Awon ya zo a Oktoban 1923. Edwin Hubble yana aiki a kan dutsen Wilson a Kalifoniya, da madubin da ya fi kowane girma a duniya a lokacin, faɗinsa mita 2 da rabi. Ya ɗauki hoton Andiromeda, ya ga wasu ɗigo uku da ya zaci sababbin taurari ne masu tashi su mutu, ya yi musu alama. Da ya koma ya gwada da tsofaffin hotuna, sai ya ga ɗaya daga ciki ba sabo ba ne, yana nan tun da, lumshewa yake yi. Ya soke alamar farko da jan alƙalami, ya rubuta cewa mai sauyawa ne. Farantin gilashin nan yana nan a ajiye har yau. Ya bi tauraron, ya ga zagayensa kwana 31 ne da ɗoriya, ya ɗora ƙa'idar Leavitt, lissafi ya ba shi nisan da ya kusa shekarar haske miliyan 1. Ya yi ƙasa da gaskiya, domin awon yau ya nuna miliyan 2 da rabi ne. Amma ko a hakan gardama ta ƙare: nisan ya wuce iyakar faifanmu nesa ba kusa ba. Ɗan gajimaren al-Sufi galaksi ne cikakke, ya ma fi namu yawan taurari, ana ƙiyasta su da kusan tiriliyan 1.

Ku tsaya ku ji wannan da kyau, jama'a. Hasken da ya shiga idon dattijon nan a bakin gona, shekara miliyan 2 da rabi ya yi yana tafe. Kuma a daren da sama ta yi kyau ko madubi ba a bukata. Yana cikin abubuwa mafi nisa da idon ɗan'adam ke iya gani ba da taimakon komai ba.

Daga nan ƙofa ta buɗe. A 1929 Hubble ya nuna cewa galaksi masu nisa guduwa suke daga gare mu, kuma wanda ya fi nisa ya fi sauri, alamar sararin kansa buɗewa yake. Andiromeda tana cikin 'yan kaɗan da suka saɓa, ita matsowa take, kilomita wajen 110 a kowane sakan. A 1970 Vera Rubin da abokin aikinta Kent Ford suka auna yadda take juyawa, suka ga gefenta yana gudu fiye da yadda nauyin abin da ake gani zai iya riƙewa, wanda ya ƙarfafa zaton cewa akwai wani abu mai nauyi da ba ya haske, da har yau ake neman sanin ko mene ne. A Disambar 1995 kuma aka juya madubin da ke shawagi a sararin samaniya, wanda aka sa wa sunan Hubble, aka kafa shi kwana 10 a kan wani ɗan wuri da ake gani kamar ba komai, wanda bai fi ƙwayar gero da aka riƙe a tsawon hannu ba. Hoton da ya fito yana ɗauke da galaksi kusan 3,000.

Wani zai ce, to wannan ai aikin masu kuɗi ne da manyan na'urori, ina ruwan talaka? Ga labarin wani mai gyaran makulli a birnin Rosario na ƙasar Ajantina, Victor Buso. Da rana yana shagonsa, da dare yana kan rufin gidansa inda ya kafa madubinsa. Ranar 20 ga Satumba 2016 ya sayo sabuwar kyamara, ya ɗaura don ya gwada ta, ya saita kan wani galaksi mai nisan shekarar haske sama da miliyan 60. Yana ɗaukar hoto yana dubawa, sai ya ga wani ɗigo ya bayyana inda babu komai a hotunan ɗazu, yana kuma ƙara haske a gabansa. Wani ƙaton tauraro ne ya fashe, shi kuwa ya kama farkon fashewar, abin da masana suka daɗe suna nema. Aka buga binciken a mujallar Nature a 2018, da sunansa a cikin marubuta. A Japan akwai Koichi Itagaki, wanda ya yi sana'ar sarrafa gyaɗa. Ya gano fashewar taurari sama da 100, ciki har da wadda ta ja hankalin duniya a Mayun 2023. Sa'a ta taimaki Buso, ba shakka, amma a kan rufi ta same shi, idonsa a sama.

Akwai kuma wani abu da muke da shi wanda waɗancan ƙasashe suka rasa, wato duhu. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar nan daga inda suke zaune, saboda hasken fitilun birane ya rufe ta. A Arewacin Amurka kusan mutum 8 ne cikin 10. Cikin ƙasashen da samansu ta fi tsabta kuwa har da maƙwabciyarmu Chadi. Ba ina yabon rashin wuta ba ne. Kowa ya san abin da yake jawo wa asibiti da mai sana'a da ɗalibi. Amma makiyayi a dajin Damargu ko manomi a ƙauyen Gumel yana da saman da mutumin Landan sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya samu irinta, kuma ina ganin asara ce a bar ta ba mai kallo. Daga Kano ma, saboda kusancinmu da tsakiyar duniya, muna ganin taurarin arewa, muna kuma ganin yawancin na kudu, waɗanda mutanen Turai ba sa gani sam.

To, ga yadda za a nemo Andiromeda, a samo takarda a rubuta.

Lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya yi kauri. A zaɓi daren da ba farin wata, wato daga 20 ga watan Musulunci zuwa 2 ko 3 ga sabon wata. A fita inda ba fitila, amma wurin da aka sani, aka amince da shi, kuma kada a tafi mutum ɗaya. Tsakar gida ma ta isa in unguwa ba haske. A sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji. A ajiye waya a aljihu, domin ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, leƙa waya sau ɗaya kuwa yana maida aiki baya.

A tsakiyar Nuwamba, wajen ƙarfe 9 na dare, a fuskanci arewa, wato gabas tana hannun dama, za ku ga Kaza ta riga ta ɗago ta can. A ɗaga kai kimanin rabin hanya tsakanin ƙasa da tsakar ka. Akwai taurari biyar masu haske da suka yi siffar harafin M na boko, mai ɗan buɗaɗɗun ƙafafu. Tsinin M na hagu, wanda ya fi kaifi, shi ne manuninku. A miƙe hannu sosai, a dunƙule shi, a auna daga tsinin nan zuwa sama dunƙule ɗaya da rabi. A nan ɗan gajimaren yake. Kada a zuba masa ido kai tsaye, a dubi gefensa kaɗan, saboda gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni. Mai madubin hannu mai ido biyu ya jingina gwiwar hannu a kan katanga ko turmi don kada ya yi rawa. Mai babbar waya kuma zai iya sauke manhajar Stellarium ya duba taswirar tun da sauran rana. Gargaɗi ɗaya da ba wasa a cikinsa: kada a taɓa duban rana da kowane irin madubi, ko na sakan ɗaya, yana makantarwa. A ja wa yara kunne a kan wannan.

In ba a gan shi daren farko ba, a sake gobe. A tafi da yara, a fara nuna musu Kaza su ƙirga 'ya'yanta, sannan a juya da su arewa. Wanda ya gani ya aiko mana da saƙo, ya faɗa mana garinsu, da ƙarfe nawa ya gan shi, da ido ne ko da madubi, za mu karanta a shiri na gaba. A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.